Malaman Makaranta a Majalisun Shawara kan Ilimi a Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa shawara ɗaukar ɗaki. Daga ginin ƙauye maganar ta samo asali. A ƙasa ake haɗa jinkar ɗaki, in an gama sai a kira maƙwabta su kewaye ta, su ɗaga tare su aza bisa bango, domin mutum ɗaya ba ya iyawa. Gwamnatocin zamani ma sukan yi irin wannan gayya a sha'anin ilimi. Sukan kafa majalisa ko hukuma ko kwamiti, su tara mutane su ba su shawara kan yawan makarantu, da abin da za a koyar, da harshen da za a koyar da shi, da yadda za a horar da malamai.

Wannan takarda ta bi tarihin irin waɗannan majalisu a Arewacin Nijeriya, tun daga buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Kano a 1909 har zuwa 2025, ta kuma ɗan tsaya a kan Jihar Kano. Tambayoyi biyu ne suka ratsa tarihin. Ta farko, su wa ake gayyata ɗaukar ɗakin, kuma yaushe malamin da ke tsaye gaban allo ya samu shiga cikinsu? Ta biyu, in an ba da shawara, me ke sa a yi aiki da ita ko a jingine ta?

2.0 Shawara Daga Landan

Lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun tarar da ilimi mai tsari a ƙasar. Gwamna Lugga da kansa ya ƙiyasta cewa akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, masu almajirai fiye da 200,000. Ban da su akwai makarantun zaure, inda manya ke karatun fiƙihu da nahawu da tafsiri. Duk da haka, da Turawa suka tashi kafa nasu makarantu, ba su kafa wata majalisa da za su zauna da waɗannan malamai ba.

Wanda aka ɗora wa aikin shi ne Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa. Haifaffen birnin Basel ne a ƙasar Suwizalan, ya fara zuwa Nijeriya a matsayin ɗan mishan, daga baya ya shiga aikin gwamnati. Shi ya buɗe makarantar Nassarawa a bayan ganuwar Kano a 1909, kuma da Hausa ake koyarwa a cikinta. A wannan zamani ne aka tsai da wata magana mai nauyi, wato da waɗanne haruffa za a rubuta Hausar makaranta da ta ofis. Wasu jami'ai, kamar Burdon wanda ya yi Razdan a Sakkwato, sun fi son a ci gaba da ajami, tun da shi jama'a suka sani. Lugga da 'yan mishan irin su Likita Mila na Zariya sun fi son haruffan Turawa. Ra'ayi na biyu ya yi rinjaye, a 1912 kuma Ɗan Hausa ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko. Tsakanin Turawa aka yi wannan muhawara aka gama. Malaman da suka daɗe suna rubuta waƙoƙi da wasiƙu da ajami sai ganin sakamakon suka yi.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wata gidauniya ta Amurka mai suna Phelps-Stokes ta aiko da ayari ya zagaya makarantun Afirka a 1920 zuwa 1921. Rahoton ayarin da matsin ƙungiyoyin mishan suka sa Ofishin Kula da Ƙasashen Mallaka na Ingila ya kafa kwamitin ba da shawara kan ilimin 'yan Afirka a watan Nuwamba na 1923. A Landan kwamitin yake zama. Cikin wakilansa akwai Lugga, da J. H. Oldham na ƙungiyoyin mishan, da Michael Sadler masanin ilimi. Sakatarensa kuwa Ɗan Hausa ne, ya riƙe muƙamin har 1939. Babu ɗan Afirka ko ɗaya cikin waɗanda aka naɗa.

A 1925 kwamitin ya fitar da takardarsa mafi shahara, wadda ta ce a daidaita ilimi da al'adu da sana'o'in jama'ar kowace ƙasa. A 1927 ya fitar da wata a kan harsunan gida, inda ya goyi bayan a fara koyar da yaro da harshensa. Shawarwarin sun dace da abin da Ɗan Hausa ya riga ya gwada a Kano, saboda haka ana iya cewa muryar Kano ta isa Landan, amma ta bakin Bature.

3.0 Razdan, Sarki da Malami

A Kudancin Nijeriya al'amarin ya ɗan bambanta. Dokar ilimi ta 1926 ta tanadi hukumar ba da shawara wadda wakilan mishan suka yi yawa a cikinta, domin su ke da mafi yawan makarantu. A 1931 malaman can suka kafa Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, suka zaɓi I. O. Ransome-Kuti shugaba, daga baya ƙungiyar ta samu kujera a hukumar. A Arewa kuwa, maganar makaranta tsakanin Razdan da Sarki da Baturen Makaranta take ƙarewa. In Sarki ya karɓi abu, sai ya tabbata. Misali, a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina saboda Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Muhammadu Dikko sun amince, suka kuma ba da 'ya'yan gidajensu.

A 1929 aka haɗe ma'aikatun ilimi na Kudu da Arewa ƙarƙashin Darakta guda, E. R. J. Hussey. Shi ya kawo tsarin elementare da midil. A elementare da Hausa ake karatu, a midil sai a koma Ingilishi. Waɗanda suka yi fice a midil sukan wuce Kwalejin Katsina, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1921 don horar da malamai, aka kuma mai da ita Kaduna a 1938.

Malamin da ya fito daga wannan kwaleji mutum ne mai daraja a gari, amma ma'aikacin En'e ne. Daga baitulmali ake biyansa, kuma Sarki na iya ɗaga shi daga aji ya mai da shi wani ofis. In yana da ƙorafi kan littafi ko jarrabawa ko albashi, sai ya gaya wa hedimasta, hedimasta ya gaya wa Baturen Makaranta, daga nan kuma sai abin da hali ya yi. Abin lura shi ne waɗannan malamai su ne suka rubuta littattafan da ake karantawa a azuzuwan. Da Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labarai a 1933, malaman makaranta ne suka yi fice: Abubakar Imam na Midil ta Katsina da Ruwan Bagaja, Bello Kagara na Kwalejin Katsina da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa na Midil ta Bauci da Shaihu Umar. An amince da alƙalaminsu, amma ba a tanadi wurin da za a ji ra'ayinsu kan manufa ba.

4.0 Malamai Sun Nemi a Ji Su

Canji ya fara ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943 aka kafa wata ƙungiyar tattaunawa a Bauci, inda Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke haɗuwa da jami'an En'e da Turawa ana muhawara kan al'amuran mulki. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 Abubakar Imam yana editanta na Hausa, ta ba malamai fili suna rubuto wasiƙu. Daga 1945 gwamnati ta fara tura malaman Arewa Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan su yi kwas na shekara guda. Tafawa Ɓalewa yana cikin rukunin farko, Aminu Kano kuma ya je a 1946. A can suka ga yadda malaman Ingila ke da ƙungiya mai ƙarfi wadda hukuma ba ta iya tsallake ta.

Da Aminu Kano ya dawo, sai ya tashi tsaye wajen haɗa kan malamai. A 1948 aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa, shi ne babban sakatarenta na farko. Tana daga cikin ƙungiyoyi na farko da suka game Arewa baki ɗaya ba tare da sun rataya a wuyan wata masarauta ba. Malami daga Maiduguri da malami daga Sakkwato suka samu inda za su zauna su kwatanta albashinsu da yanayin aikinsu, su kuma yi magana da murya ɗaya. Ƙungiyar ta ci gaba da aiki har 1972, lokacin da ta haɗe da Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya.

A shekarar 1948 ɗin dai aka yi dokar ilimi ta farko da ta shafi Nijeriya gaba ɗaya. Dokar ta kafa babbar hukumar ilimi ta tsakiya da hukumomin yankuna, ciki har da ta Arewa, aikinsu shi ne ba gwamnati shawara. Wannan ne ya buɗe ƙofar da mutanen ƙasa za su zauna teburi ɗaya da Turawa a yi maganar makarantun yankinsu.

Amma malamai ba su tsaya jiran hukumar shawara ba. Tsarin mulkin Richards ya kafa Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, kuma da yawa daga cikin 'yan ƙasa da suka shiga cikinta tsofaffin ɗaliban Kwalejin Katsina ne. A watan Agusta na 1950 Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa na neman a gyara mulkin En'e, inda ya nuna cewa jahilcin talakawa na cikin abin da ke ba azzaluman ma'aikata dama. Yaƙi da Jahilci na daga cikin abubuwan da suka biyo bayan wannan ƙuduri. Aminu Kano kuwa, wanda aka tura Kwalejin Horar da Malamai ta Maru, ya ajiye aikin koyarwa a ƙarshen 1950 ya shiga siyasa gaba ɗaya.

5.0 Mai Shawara da Mai Iko Sun Zama 'Yan Aji Ɗaya

Daga 1952 zuwa 1966 aka shiga wani yanayi wanda ba a taɓa ganin irinsa ba. Ministan ilimi na farko a Jihar Arewa, Aliyu Makaman Bida, tsohon hedimastan midil ne. Isa Kaita, wanda ya riƙe ma'aikatar daga ƙarshen shekarun 1950 har juyin mulkin Janairu 1966, shi ma ya yi koyarwa. Firimiya Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934, Firayim Minista Tafawa Ɓalewa kuma an riga an ambaci aikinsa a Bauci. Wato masu ba da shawara da masu karɓarta makaranta ɗaya suka fito, sun kuma san ƙurar alli.

Ga masu nazarin harshe, hukumar da ta fi muhimmanci a wannan zamani ita ce Hukumar Harshen Hausa, wadda aka kafa a 1955. An tara malamai da marubuta da masana, 'yan ƙasa da Turawa, aka ɗora musu daidaita ƙa'idojin rubutu, da tantance kalmomin aro, da samar da kalmomin fannoni don makarantu da ofisoshi da majalisa. A ƙarshen shekarun 1950 ta fitar da ƙa'idojin rubutu da jerin kalmomin da Hausa ta aro. Shawararta ta yi tasiri domin akwai masu aiwatarwa a kusa: hukumar NORLA da Kamfanin Gaskiya na Zariya su ke buga littattafan makaranta da na Yaƙi da Jahilci, kuma abin da aka tsayar a taro shi ke fitowa a shafi. Wannan karon, ba kamar 1912 ba, masu harshen suna zaune aka yi maganar rubutunsa.

A 1959 Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamitin mutum tara ƙarƙashin Eric Ashby, ya duba bukatun ƙasar na ilimi mai zurfi. Uku 'yan Ingila ne, uku 'yan Amurka, uku 'yan Nijeriya: K. O. Dike, da Sanya Onabamiro, da Shettima Kashim Ibrahim Wazirin Borno, wanda ya fara aiki a matsayin malamin Midil ta Borno. Rahoton ya fito a watan Satumba na 1960, ya kuma ba da shawarar a kafa jami'a a Zariya. A watan Oktoba na 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. A shekarar kuma aka buɗe Babbar Kwalejin Horar da Malamai ta Zariya. Shekara biyu kacal tsakanin shawara da aiki, domin abin da rahoton ya faɗa ya zo daidai da abin da Sardauna yake nema, an kuma ware masa kuɗi.

Haka ma rahoton Oldman na 1961 a kan makarantun firamare na Arewa. Ya ba da shawarar a kafa hukumomin ilimi na ƙananan yankuna, inda gwamnati da En'e da masu makarantun sa-kai za su yi aiki tare. Dokar ilimi ta Arewa ta 1962 ta ɗauki wannan shawara.

6.0 Jihar Kano: Rahoto da Hukuma

A ranar 27 ga Mayu 1967 aka raba Nijeriya jihohi 12, shida daga cikinsu a Arewa. Hukumomin da suka game yankin suka fara watsewa. Hukumar Harshen Hausa ta daina aiki, daga baya Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, wadda aka kafa a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a 1969, ta ɗauki nauyin daidaita rubutu. Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta ci gaba da haɗa ma'aikatun ilimi na jihohin shida a kan horar da malamai. Amma daga nan kowace jiha ita ke neman masu ba ta shawara.

Jihar Kano ta fara rayuwarta da jama'a mai yawa da ƙarancin ƙwararru. Rikicin 1966 ya sa ma'aikata 'yan Gabas da yawa sun bar Arewa, asibitoci da ma'aikatun ayyuka da azuzuwan kimiyya suka dogara ga baƙi daga ƙasashen waje. Kuɗin man fetur ya ƙaru bayan 1973, amma kuɗi ba ya zama likita ko injiniya a dare ɗaya. Sai ga shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda Janar Gowon ya yi shelarsa a Sakkwato a watan Janairu na 1974, aka kuma ƙaddamar da shi a watan Satumba na 1976. Daga sama aka yanke ranar farawa, kafin a samu isassun malamai. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasar, sai ga kimanin miliyan 3. Aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, aka kuma kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976.

A cikin wannan hali ne gwamnatin Jihar Kano ta kafa kwamitin bitar ilimi ƙarƙashin Dokta Shehu Ahmad Sa'id Galadanci, masanin Larabci wanda ya shugabanci Makarantar Nazarin Larabci ta Kano da Kwalejin Abdullahi Bayero, shi ne kuma shugaban farko na Jami'ar Sakkwato. Kada ɗalibi ya rikita shi da M. K. M. Galadanci, mai littafin nahawun Hausa. Kwamitin ya miƙa rahotonsa na ƙarshe a watan Janairu na 1976, a zamanin Gwamna Sani Bello. A watan Yuni gwamnati ta fitar da takardar matsayinta a kan rahoton. Irin wannan takarda ita ke nuna iyakar ikon kwamiti: a cikinta gwamnati ke bin shawarwari ɗaya bayan ɗaya, ta ce wannan ta karɓa, wannan ta lura da shi, wancan ta ƙi. Kwamiti kuwa da ya miƙa rahoto aikinsa ya ƙare, wakilansa su koma wuraren aikinsu.

A daidai wannan lokaci wata shawara ta fito daga wani wuri dabam, wato kwamitin samar da ƙwararrun ma'aikata na Ma'aikatar Raya Tattalin Arziki. Shawarar ita ce a ware makarantun sakandare na musamman don kimiyya, a zaɓo yara masu hazaƙa da jarrabawa bayan sun gama aji biyu, a tara musu malamai da ɗakunan gwaji da kayan aiki har su gama aji biyar. Dokta Ibrahim Ayagi, malamin jami'a wanda ya riƙe kwamishinan raya tattalin arziki sa'an nan ya koma kwamishinan ilimi, yana cikin waɗanda suka tsaya wa shirin. Jami'an Ma'aikatar Ilimi, waɗanda akasarinsu tsofaffin malamai ne, ba su yi na'am da shi ba. Hujjarsu ita ce shirin zai fifita 'yan kaɗan, ya kwashe yara masu ƙoƙari da kuɗi daga sauran makarantu.

Masu shirin sun gane cewa in aka bar shi a hannun ma'aikatar da ba ta so, zai mutu a cikin fayil. Saboda haka a 1977 aka kafa masa hukuma ta kansa, mai kasafinta da ikon ɗaukar malamanta. A watan Satumba na shekarar aka fara karatu a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, rukunin farko suka fita a 1980. A 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take Jihar Jigawa, a 1982 kuma doka ta tabbatar da hukumar. Likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a masu yawa na Kano da Jigawa daga waɗannan makarantu suka fito, wasu jihohi kuma suka kwaikwayi tsarin.

Wannan bai nuna cewa masu adawa sun yi kuskure gaba ɗaya ba. Matsalar da suka hango, ta makarantun gama-gari masu cunkoso da ƙarancin malamai, ba ta gushe ba. A 1983 wani kwamiti ya sake fitar da rahoto a kan matsalolin ilimi a jihar, a watan Yuni na 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Makarantun kimiyya sun samu hukuma mai bin lamarinsu kullum. Makarantun gama-gari, inda mafi yawan yara suke, sun fi samun rahotanni.

7.0 Majalisar Ƙasa da Harshen Koyarwa

Jihohi ba su kaɗai suke tsara manufa ba. Tun 1955 akwai Kwamitin Tuntuɓar Juna kan Ilimi, inda ƙwararru daga ma'aikatu da jami'o'i da hukumomin jarrabawa da ƙungiyar malamai ke zama. Abin da suka tsayar sai su miƙa wa Majalisar Ilimi ta Ƙasa, wadda ta ƙunshi minista da kwamishinonin ilimi na jihohi. Wato a hawa na ƙasa malamai ke shawara, a hawa na sama masu muƙaman siyasa ke yanke hukunci.

Batun harshen koyarwa shi ya fi nuna yadda wannan tsari ke aiki. A watan Satumba na 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka yi babban taron manhaja a Legas, wanda aka gayyaci malamai da iyaye da 'yan kasuwa da shugabannin addini. A 1973 aka yi taron ƙwararru ƙarƙashin Simeon Adebo, daga nan Manufar Ilimi ta Ƙasa ta fito a 1977. Manufar ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya game yankinsa, daga baya a koma Ingilishi, a kuma ƙarfafa wa kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarabanci ban da nasa. Malamai sun yi gwaji kafin nan. A Ife, Babs Fafunwa ya jagoranci shirin koyar da firamare shekara shida da Yarabanci daga 1970. A Arewa, Cibiyar Ilimi ta Zariya ta gudanar da shirin kyautata firamare wanda ya yi amfani da Hausa a azuzuwan farko. A Nijar ma an buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973.

Sai dai ba a kafa wa wannan sashe na manufar wata hukuma mai kuɗi da za ta buga littattafan lissafi da kimiyya cikin harsunan gida, ta horar da malamai, ta bi makarantu ta duba ba. A aji, abin da ya zama ruwan dare shi ne littafi da jarrabawa da Ingilishi, bayani kuma da Hausa. A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da sabuwar manufar harshe, wadda ta ce a koyar da harshen uwa duk shekaru shida na firamare. Ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya faɗa da bakinsa cewa ba za a iya aiwatar da ita sosai ba sai an samu littattafai da malamai. Bayan shekara uku, a watan Nuwamba na 2025, Minista Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke ta da mai da Ingilishi harshen koyarwa a dukkan matakai, bayan taron Majalisar Ilimi ta Ƙasa a Akure. Hujjarsa ita ce faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Ƙungiyoyin masana harshe da malaman jami'a sun ƙi amincewa, suna cewa ba a ɗora wa manufa laifi alhali ba a aiwatar da ita ba.

8.0 Kammalawa

An ɗauki kusan shekara 40, daga 1909 zuwa 1948, kafin malamin Arewa ya samu ƙungiyar da za ta yi magana da yawunsa da hukumar da za a saurare shi a cikinta. Tun daga lokacin ba a rasa malamai a kwamitoci ba, a Kaduna ko Kano ko Legas ko Abuja. Abin da tarihin ya nuna shi ne samun kujera mataki ne na farko kawai. Jami'ar Zariya, da ƙa'idojin Hukumar Harshen Hausa, da makarantun Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, duk sun tabbata ne domin shawarar ta samu mai iko da ya tsaya mata, da kuɗi, da ma'aikatan da aikinsu ke nan kullum. Shawarar koyar da yaro da harshensa kuwa an ba da ita a Landan a 1927, an maimaita a Legas a 1969, an rubuta a manufa a 1977, an faɗaɗa a 2022, an soke a 2025, ba tare da ta taɓa samun waɗannan abubuwa uku a lokaci guda ba. Ɗalibin da zai karanta rahoton wani kwamitin ilimi, yana da kyau ya duba sunayen wakilai a shafin farko, sa'an nan ya nemi takardar matsayin gwamnati da kasafin kuɗin shekarar da ta biyo baya.